Yadda Aka Rufe Lambun Mahaifinku

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma ne, ranar addu'ar bakwai ta mahaifinku, bayan masu gaisuwa sun watse an naɗe tabarmin ƙofar gida. Mu huɗu ne. Ni ina kan buzuna a gindin darbejiyar tsakar gida. Yayana Malam Sani, wanda ya zo daga Hunkuyi tun ranar rasuwa, yana kan kujerar katako saboda ciwon gwiwa. Kakarku Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakin marigayi. Mahaifiyarku Rukayya tana cikin ɗakin a bayan labule, tana takaba, ba ma ganinta sai dai mu ji muryarta. Ke Ummi an kai ki maƙwabta, kai kuwa Abba kana goye.

Na fara da wannan zaman ne domin a nan aka yanke maganar da ta sa ke Ummi kika daina zuwa Ikara gaida mahaifiyarki. An gaya miki, kuma na san bakin da ya gaya miki, cewa ita ta goge aikin mahaifinki don ta shiga gidan wani da zuciya wankakkiya. Yatsanta ne ya danna, wannan kam gaskiya ne. Sauran maganar ba haka take ba. Zan bi abin daki-daki, ba zan tsallake komai ba, ku ma kada ku tsallake wajen karantawa.

Mahaifinku ɗan farina ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba zan fara a takarda ba. Ni manomin rake ne da tumatir, kuma na daɗe ina raba layin ruwa a fadamarmu ta Nasarawan Doya: wane ya sha da safe, wane da hantsi, wane sai gobe. Bokona bai wuce firamare ba. Shi kuwa ya yi difloma a Zariya, ya dawo bai sami aiki ba, ya ɗauki fartanya ya bi ni lambu, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. A ban ruwa hannunsa ya fi nawa. Da ya dubi gangaren ƙasa ya san inda ruwa zai bi da inda zai tsaya ya yi gardama. Wata ranar kasuwar Makarfi yana dawowa a kan babur, motar rake ta zubar da kaya a kwana, ya faɗa a kai. Aka kai shi asibiti a Zariya. An dawo mana da shi da rai, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da yake ji. Ya kwanta a ɗakinsa ya juya fuska ga bango. Abinci sai an yi da gaske. Idan aka kunna injin ban ruwa a fadama ƙarar ta iso gida, sai ya ja zane ya rufe kansa. Rukayya ce ke juya shi, ta wanke shi, ta shafa masa magani, ga ki ke Ummi kina tatata kina jan zaninta, ga kuma ƙaramin cikin Abba.

Wani abokinsa na makaranta ne ya kawo masa tsohuwar kwamfuta irin ta ɗorawa a cinya, wai ya rage zaman shiru. A cikinta akwai wani wasa, su suna ce masa gem. Ga yadda yake, kamar yadda aka bayyana mini daga baya. Akwai ɗan mutum ƙarami da kake tuƙawa. Akwai ruwa a gefe guda, akwai wuraren da ake so ruwan ya kai. Ɗan mutumin yana buɗe wata hanya ya toshe wata, ya tura dutse, ya fasa shinge, kuma ruwan ƙayyadadde ne, idan ka yi kuskuren wanda za ka fara ba ruwan, sai ya ƙare a hanya. Kowane fili da za ka warware sunansa lebul. Mahaifinku ya cinye lebul ɗin da masu wasan suka yi tun kafin damina ta tsaya. Sai ya gano akwai wurin da mutum zai gina nasa, ya ɗora a intanet, a wani zaure da masu irin wannan ginin suke taruwa daga ƙasashe daban-daban, kowa ya buga na kowa, ya faɗi ra'ayinsa.

Daga nan ya juyo da fuskarsa daga bango. Kowace safiya a kai kwamfutar caji wurin mai janareto a bakin titi, a dawo da ita da hantsi. Aka matsar da gadonsa jikin taga, don nan ne kaɗai sabis ke kamawa. Ya sa wa kansa suna Mai Lambu a zauren. Wasu suna gina gidajen sarauta da jiragen sama, shi kuwa fadama yake ginawa, fangali bayan fangali, da rijiya, da gangare, da ramin ɓera da ke sace ruwa ta ƙasa. Yana sa musu sunayen wurarenmu. Akwai Kurmin Kogi, garin su mahaifiyarku. Akwai Kasuwar Rake. Akwai wani wai Masu Mazarƙwaila, inda dole ka kai ruwa ba tare da ka kashe musu wuta ba. Kuma yana da doka guda da bai taɓa karyawa ba: ba ya ɗora lebul sai Rukayya ta warware shi. Ina alwala a tsakar gida nakan ji su.

"Hajiya Sufeto, zo ki duba wannan."

"Tuwo na kan wuta, Baban Ummi."

"Tuwo ya jira. Turawa na jirana."

"To Turawan su zo su tuƙa mana."

Sai ka ji ƙas-ƙas na madannai, sai muryarta:

"Na gama."

"Ƙarya kike!"

"Ka bar hanya a bayan rijiyar nan, ko akuya ta gan ta. Toshe ka sake kirana."

Ya yi ta dariya har tari ya kama shi. Ran nan tuwon ya kama, muka ci da ƙauri, ba wanda ya ce uffan.

Da la'asar yakan karanta wa kakarku abin da mutanen zauren suka rubuta, yana juya mata da Hausa.

"Inna, wani daga Burazil ya ce Kurmin Kogi ta hana shi cin abinci."

"Ka ce masa ya ci. Mutanen Kurmin Kogin ma suna cin abinci."

"Wata malamar asibiti kuma ta ce idan ta tashi daga aiki a gajiye, lambuna take shiga ta huta."

"Allah sarki. Su waɗannan mutanen duk ba su da gona ne?"

"Ba su da ita, Inna. Shi ya sa suke aron tawa."

Ni ban taɓa shiga ɗakin na duba ba. Uba ba ya zama a bakin gadon ɗan fari yana kallon wasa, balle ga suruka a ɗakin. Haka muka taso, haka na yi. Wata rana ya tare ni ta taga, ina dawowa daga azahar.

"Baba, in yi tambaya?"

"Ina ji."

"Idan rafi ya ja baya a ƙarshen rani, ruwan ba zai ishi kowa ba, wa ake fara ba?"

"Na can ƙasa."

"Ba na kusa ba?"

"Idan ka fara da na kusa, kafin layi ya kai ƙasa rafin ya gaji. Ka tura wa na nesa tun da ƙarfinsa. Na kusa yana samun laima ko ba a ba shi ba."

Ya gina wannan, ya sa masa suna Layin Baba. Bayan 'yan kwanaki ya sake kirana ta tagar, ya ce, "Baba, duniya ta kasa layinka. Kowa da na kusa yake farawa. Har wani ya ce na yi kuskure ne wajen ginin." Na ce masa ya yi sallarsa a kan lokaci, na wuce. Sai da na shiga soro, inda ba mai ganina, na tsaya na yi dariya. Daga baya ya ce in shigo in gani, na ce wata rana.

Haka ya yi damina biyu da rani biyu. A damina ta uku gyambon kwanciya ya ci ƙarfinsa, zazzaɓi ya biyo baya, ƙoda ta gaza. Ya cika da hantsi, kansa a kan cinyar kakarku, aka kai shi kafin azahar. Allah ya jiƙansa.

Yanzu na dawo ga zaman da na fara da shi. Abin da ya jawo maganar, kakarku ce ta faɗa wa Yaya Malam, cikin jin daɗi, cewa har mutanen wasu ƙasashe suna ta aiko da ta'aziyya ta cikin kwamfuta. Ya tambayi su waye. Aka bayyana masa. Ya ja carbi, sannan ya ce a zauna bayan mutane sun tafi.

Ku san wane ne Malam Sani. Ya karantar da Alƙur'ani a Hunkuyi har gemunsa ya yi fari. Shi ya yi wa mahaifinku huɗuba ranar da aka haife shi, shi ya wanke shi ranar da ya rasu. Ba mutum ne mai tsanani don son tsanani ba.

"Garba," ya ce mini, "abin nan da yaron ya gina, yanzu yana ina?"

Ban sani ba. Na dubi kakarku, ita kuma ta juya ga labule. Rukayya ba ta yi mini magana kai tsaye, kamar yadda ya dace da suruka, sai ta bi ta wurin Inna ko da kuwa ina jinta.

"Inna, ki ce wa Baba yana nan a zauren. Duk wanda ya so zai shiga ya buga."

"Har yanzu?" in ji Yaya Malam.

"Har yanzu."

"Yanzu haka da muke zaune, akwai mai bugawa?"

Muka ji ta buɗe kwamfutar. Aka ɗan jira sabis.

"Akwai, Inna. Suna da ɗan yawa. Tun da aka ji rasuwar ma sun ƙaru."

Mutum yana kwance a ƙasa, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ga wasu can suna yawo a cikin abin da ya gina.

Yaya Malam ya ce, "Kun san abin da mutum ya bari a bayansa yana bin sa, mai kyau ko maras kyau. Wanda ya haƙa rijiya, kowa ya sha yana da lada. To wanda ya bar abin da ke shagaltar da mutane fa? Idan wani ya zauna a kan wannan har sallah ta wuce shi, ko ya bar iyalinsa, a littafin wa za a rubuta? Kun ga yadda ake roƙo a goge hotunan mamaci da waƙoƙinsa. Ban ce wannan haramun ne ba, Garba. Na ce ban sani ba. Mai rai idan ya yi kuskure yana iya gyarawa. Shi wannan ba zai iya tashi ya gyara ba, mu ne hannunsa."

Labulen ya motsa.

"Inna, ki ce wa Baba Malam ba kiɗa a ciki, ba hoton mace, ba caca. Ruwa ne da fangali."

"Na ji, 'yata. Lokacin mutane da yake cinyewa fa?"

"Inna, ki tambaya mini. Idan mutum ya sayi rakenmu a Makarfi, ya zauna yana sha har la'asar ta wuce shi, Baba ne ke da laifi don shi ya noma?"

Kakarku ta rufe baki da mayafi. Yaya Malam bai ji haushi ba, har ya ɗan murmusa.

"Rake abinci ne, 'yata, kuma yana ƙarewa. Wannan kin ce ba ya ƙarewa."

"Shi ya sa nake so a bar shi," ta ce, ta ma manta da bi ta wurin Inna. "Bai bar gona ba, bai bar gini ba. Da me zan nuna wa yaran nan cewa ubansu ba kwanciya kawai ya yi ba?"

Yaya Malam ya ce shi ya faɗi abin da ke wuyansa, hukunci na uba ne. Duk suka jira ni.

Ga abin da na auna. Na farko, idan Rukayya ce da gaskiya aka janye abin, an yi asarar wasa. Idan kuwa Yaya Malam ne da gaskiya aka bar shi, ɗana ne zai biya a inda ba zan iya kai masa ɗauki ba. Na biyu, na ga hakkinku ku yara, da hakkinta. Sai na ga kamar akwai hanya ta tsakiya, irin wadda kowane manomi ya sani. Idan ba ka son a sayar da hatsinka, ba ƙona shi kake yi ba, kwashe shi kake yi daga kasuwa ka mayar rumbu. Na ce a janye abin daga zauren, kada baƙo ya ƙara bugawa, amma a bar shi a cikin kwamfutar a gida, yara su girma su gani. Yaya Malam ya ce wannan ya yi. Kakarku ta ce alhamdu lillahi. Rukayya kuwa cewa ta yi:

"Inna, ki ce wa Baba ni bugawa kawai na iya. Shi yake ɗorawa. Ban san yadda ake janyewa ba. A bari in tambayi mutanen zauren tukuna, ko bayan arba'in."

Ban yarda da jira ba. A ganina duk wunin da aka ƙara, ana ƙara masa kaya ne. Kuma ban ga dalilin da za a nemi shawarar baƙi a kan mamacinmu ba. Na ce gobe za a kira wanda ya sani.

Washegari da hantsi aka zo da wani mai gyaran waya daga Makarfi, mutumin kirki, shi ke yi wa rabin garinmu aiki. Ya zauna a bakin ƙofa, aka miƙo masa kwamfutar ta ƙarƙashin labule. Ya duba ya ce abu mai sauƙi ne, a rufe akawun ɗin marigayi, wato rajistarsa a zauren, gaba ɗaya, duk abin da ya ɗora zai sauka. Na tambaye shi a gaban kowa ko na cikin kwamfutar zai taɓu. Ya ce ina, ai kamar hoto ne, idan ka cire shi daga intanet na cikin wayarka yana nan. Haka ya sani, haka ya faɗa. Sai aka zo wurin kalmar sirri, wadda Rukayya kaɗai ta sani. Aka mayar mata da kwamfutar ciki, yana gaya mata inda za ta taɓa.

"Inna, kwamfutar tana tambaya wai an tabbata?"

Kakarku ta dube ni.

Na ce, "An tabbata."

Wannan shi ne dannawar da aka ba ki labari, Ummi.

Ba mu san abin da ya faru ba sai bayan arba'in, domin Rukayya ta naɗe kwamfutar a zani ta sa a ƙarƙashin gado, ba ta iya kallonta. Ke ce kika tashi da rigima wata safiya, wai sai an nuna miki ɗan mutumin Baba. Ta kai caji, ta buɗe. Wasan yana nan, da lebul ɗin da masu shi suka yi. Wurin da na mahaifinku suke jere, fari fat. Ina soro ina gyaran buhuna kakarku ta zo ta tsaya a kaina.

"Malam, babu."

"Babu me?"

"Lambun yaron nan. Babu ko fangali ɗaya."

Ban ji kukan Rukayya ba ran nan. Na ji dai ke kina ta cewa a buɗe, a buɗe, ita kuma tana cewa to, to.

Na ɗauki kwamfutar da kaina na shiga mota zuwa Zariya, wurin abokin nan nasa da ya kawo ta. Ya kai ni wurin waɗanda suka fi shi sani. Suka bincika wuni guda. Wani matashi a cikinsu ya zaunar da ni ya ce, "Baba, wannan wasan ba a cikin na'urar yake ajiye ginin mutum ba. Can wurin masu wasan yake ajiyewa, a ƙarƙashin akawun. Da aka rufe akawun ɗin, an rufe da komai." Aka rubuta wa masu wasan, suka amsa da ladabi cewa abin da mai shi ya rufe ba ya dawowa. Na ɗauka rumbu ne aka ajiye a ƙarƙashin gado, ashe taga ce kawai. A motar dawowa na riƙe ta a cinya har Makarfi, yaron mota yana ta cewa in kawo a sa a but, ban ba shi ba.

Abokin mahaifinku ya buɗe wa Rukayya sabon akawun don ta yi wa mutanen zauren bayani, domin sun yi ta tambayar ina lambun Mai Lambu ya shiga. Wasu sun yi fushi, har da masu zagi. Ita ta rubuta, abokin ya gyara mata Turancin, ta ce iyalinsa ne suka yanke shawara, ta roƙi ko akwai wanda ya ajiye wani abu. Ba wanda ya ajiye, don ba wanda ya zaci zai ɓace. Hotuna kaɗan aka samu, rabin fangali nan, bakin rijiya can. Daga baya suka haɗu suka gina lebul guda don tunawa da shi, suka sa masa sunansa na zauren. Aka turo, ta buɗe a gaban kakarku. Sun yi fadama iya saninsu. Sun sa zaki a bakin rafi, da raƙumin dawa a tsakiyar tumatir. Rukayya ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar, ta ce, "Inna, zo ki ga Nasarawan Doya." Dariyar ce ta juye mata kuka har sai da aka riƙe ta.

Da Yaya Malam ya zo na gaya masa duka, har da wannan na ƙarshe. Na ce, "To ga shi sun gina wani da sunansa, kuma wannan ba mu da ikon rufewa. Shi kuma wa zai bi?" Ya ce, "Garba, ni janyewa na nema, ban nemi a raba marayu da abin ubansu ba." Ya tashi da ƙyar ya je bakin labulen, dattijo mai wannan shekaru, ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri." Ta ce, "Ba komai, Baba Malam." Har ya rasu, duk zuwan da zai yi sai ya tambaye ni ko an sami wata dabara. Kada in ji ɗayanku ya ambace shi da mugun baki.

Da Rukayya ta gama takaba iyayenta suka zo daga Kurmin Kogi suka tafi da ita. Ta durƙusa a tsakar gida ta yi mana sallama, ba ta ɗauki kwamfutar ba. Kai Abba ka bi ta har aka yaye ka aka dawo da kai, ke Ummi kika zauna wurin kakarki. Da mijinta na yanzu ya fito, ni na fara sa albarka, domin yarinya ce, kuma ta yi wa ɗana abin da ba kowace mace za ta yi ba. Tun daga ranar ba ta ƙara ɗaga maganar lambun ba, ko da ni ko da wani. Da kika girma kika je Ikara kika tsare ta da tambaya, an gaya mini abin da ta ce miki: "Ni na danna." Ba ta ƙara ko kalma ba. Kin ɗauka amsa laifi ta yi. Ki yi tunani. A gidana kike kwana, tuwon gidana kike ci, ni nake kai ki makaranta. Ta gwammace ki yi fushi da wadda take nesa, da ki zauna da ƙullin wanda kike gani kullum. Ban san ta faɗi haka ba sai bana, da kakarku ta ji daga bakin wata 'yar'uwar mahaifiyarku. Shi ya sa na zauna rubutun nan.

Idan kuna so ku ji ko wa ke da gaskiya tsakanin Yaya Malam da mahaifiyarku, ban sani ba har yau. Na tambayi malamai, wani ya ce haka, wani ya ce haka. Na yanke hukunci da abin da na sani a ranar, ina tsoron kabarin ɗana, kuma wannan tsoron bai bar ni ba. Abin da na sani tabbas shi ne abin da aka rasa. Ban taɓa ganin Layin Baba da idona ba. Ku ma ba za ku gani ba yadda ya gina shi. Mutanen zauren sun watse, an ce ma wasan ya tsufa. A duk duniya mutum ɗaya ta rage da ta bi kowane fangali na lambun nan da hannunta, ta san inda ya ɓoye ramin ɓera da inda ya bar hanya aka sa shi ya toshe, kuma tana Ikara, tafiyar da ba ta kai wuni ba.

Don haka ga roƙona, Ummi, ke ce babba. Ki shirya ke da ƙanenki ku je. Ki durƙusa ki gaishe ta gaisuwar 'ya da uwa, ba irin wadda kika yi mata a tsaye ba. Kada ki kai mata wannan takarda, ta fi ni sanin abin da ke ciki. Ki tambaye ta yadda lambun yake. Idan ta so ta zana miki a ƙasa, ki duba da kyau. Idan ta so ku nemi na'ura ku sake ginawa, na janye umarnina, ku da ita ku yanke inda za a ajiye shi. Idan kuma ta kasa magana, kada ki tashi, ki zauna tare da ita har ta iya. Ki je tun ina da rai, a zo a gaya mini kin je.